Yadda Ma'azu Ya Binne Lemu

Allah ya yi masu baki a Gure, amma irin bakin Ma'azu ban san an sake yi ba. Mutumin nan ya taɓa zuwa Yamai cin rani, ya samu gadi a wani gida da ake yin lemun kwalba. Gadi fa, ba wani abu ba: kamiyo, wato motar kaya, ya zo ya buɗe ƙofa, kamiyo ya fita ya rufe. Ranin bai ƙare ba aka sallame shi saboda barci. Amma tun da ya dawo, in ka ji shi a bakin kasuwa sai ka rantse shi ya koya wa Nasara yadda ake sa ruwa ya yi kumfa.

Abu guda ne ke kashe masa baki. 'Ya'yansa duka mata ne, kuma duk wadda ta haifi namiji sai dangin miji su ɗauke sunan. Jikoki sun cika masa tsakar gida, babu Ma'azu ko ɗaya. In ana hira aka zo kan takwara, sai ya tuna yana da aiki a gona, ko da rani ne. Abin yana cin sa ƙwarai, kowa ya sani.

To, a bazarar da ta biyo bayan babban fari, soja ba su daɗe da karɓar mulki ba, autarsa Biba ta zo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, namiji. Mijinta Boyi ya zo barka, ya tsuguna can nesa, kai a sunkuye.

Ma'azu ya ce, "Madalla, madalla. To, suna fa? Kun tsayar?"

Boyi ya ce, "Baba ya ce zai zo da kansa daga Bune. Sunan yana bakinsa."

Baban nan shi ne Buraima, Bafulatani, dogo, marar magana. Fari ya cinye masa garke, ya bar masa abin da bai taka kara ya karya ba, kuma tun daga lokacin ko 'ya'yansa ba su sake ganin haƙoransa ba. Kowa ya ɗauka sunan kansa zai sa wa yaron, ko na mahaifinsa. Kowa ban da Ma'azu.

Boyi na fita Ma'azu ya kira matarsa Yakura.

"Kin san da me ake sayen mutum?"

Ta ce, "Da mutunci."

"Da abin da bai taɓa gani ba! Nono ya sani, fura ya sani, shayi kuwa shi zai koya mini. Amma lemu mai huci, wanda in ka buɗe ya ce fusss, ya hau maka hanci? Ranar suna in na miƙa wa Malam Buraima ya kurɓa, wallahi da bakinsa zai ce a sa wa yaro Ma'azu."

Yakura ta ce, "Malam, ka bar ni in jiƙa tsamiyata a randa kamar yadda aka saba. Ba wanda ya taɓa sha ya yi ƙorafi."

"Ba wanda ya taɓa sha ya sa wa ɗansa sunanki kuma."

Sai aka ji dariya ta bayan danga. Ɗan Talata ne, mahauci, maƙwabcinsu, wanda kunnensa ke kwana a jikin zanan gidan Ma'azu. Ya leƙo da kai, ya kira shi da laƙabin da ake kiran ma'aikata da Faransanci, ya ce, "Mushe Ma'azu, a me za a zuba wannan abin al'ajabi? Kwalba ko roba?"

Ma'azu bai yi wannan tunanin ba sam. Amma ya gyara tsayuwa ya ce, "Mu ma'aikata ba ma yanke hukunci sai mun gwada."

Gwajin farko da roba aka yi, don ita ce a hannu. Akwai wata farar bido, jarkar roba, da aka raba man taimako a ciki lokacin fari. Ma'azu ya jiƙa tsamiya, ya daka citta, ya sa dabinon kwari da sukari. Ya je wurin mai burodi ya roƙo garin nan da suke sa wa ƙullu ya tashi. Mai burodi ya ce ɗan tsunkule ya isa. Ma'azu ya ce tsunkule na burodi ne, lemu sai da hannu, ya dumbuza. Ya ɗura, ya murɗe marfi har sai da ya yi nishi, ya ajiye bido a gindin rumbu.

Washegari da hantsi bido ta yi ciki. Da azahar ta daina tsayuwa da gindinta, ta kwanta tana ɗan gangarawa ita kaɗai. Kaji suka bar wurin. Matan da suka zo barka suka bar jariri suka kewaye ta.

Ɗan Talata ya leƙo ya ce, "Barka, barka! Ashe haihuwa biyu ce a gidan. A haɗa sunan rana ɗaya, rago guda ya isa."

Ma'azu ya ce, "Jahilci ciwo ne. Aiki take yi. Haka ake so."

Yakura ta ce, "Malam, ka sassauta marfin nan ta sha iska."

"In sassauta, kumfar ta gudu? Danna ta ake yi ta koma daidai. Ku matsa ku gani."

Ya tattare riga ya zauna a kan bido, ya ɗan yi sukuwa don mata su ga ba abin tsoro ba ne. A sukuwa ta biyu marfi ya ce fau, ya tafi ya sami zakara a ƙirji. Lemu ya taso ta ƙarƙashin rigar Ma'azu ya fito ta wuya. Bido ta zame, mai gida ya zauna a ƙasa daɓas, ƙafafu a sama. Mata suka watse suna salati suna dariya, Biba ma da ke ɗaki tana jego sai da aka riƙe ta.

Ya miƙe yana ɗiga, ya lashi leɓe don ya nuna ko banza akwai daɗi. Fuskarsa ta yamutse.

Yakura ta ce, "Af, na manta. Bayan man ya ƙare kananzir nake sayowa a ciki."

Ma'azu ya yi kaki ya tofar, ya nuna bido da yatsa kamar ɓarawon da aka kama.

"Kun gani ko? Roba ba ta da mutunci. Abu kaɗan ta kumbura ciki kowa ya san halin da take ciki. Ga riƙo, abin da ta ci bara yana bakinta. Kwalba kuwa 'yar manya ce. Ko me ta ƙunsa ba ka gani a fuskarta."

Ɗan Talata ya ce, "Ni dai mai kumburin na fi so. Ko ba komai ta gaya maka ka gudu."

"Kai nama ka sani. Ka tsaya a kan naman."

Neman kwalba a Gure a wancan zamani ba wasa ba ne, don duk mai ita yana da abin da yake zubawa. Ma'azu ya bi gida gida. Ya samo ta maganin tari, ya samo ta turare, ya samo ta man gashi. Da ya ga ba za su isa ba, sai ya zaga bayan kampama, masaukin baƙin gwamnati, inda ake zubar da kwalabe korra masu dogon wuya. Ya cika buhu ya ɗora wa jaki. Maimakon ya bi ta bayan gari, sai ya ratsa tsakiyar kasuwa don a gani, buhu na ƙaraurawa, shi yana gaba yana amsa gaisuwar da ba a yi masa ba.

A bakin masallaci jaki ya yi tuntuɓe, kwalba guda ta faɗo ta gangara har gaban liman. Liman ya ɗauka ya shinshina, ya ajiye da sauri ya goge hannu a riga.

"Ma'azu! Wannan ba ta abin nan ba ce da ba a faɗa?"

"Ita ce, Allah gafarta Malam. Musuluntar da su zan yi. Wanki bakwai, ɗaya da ƙasa."

"Wannan ai hukuncin ƙwaryar da kare ya sa wa baki ne."

"To ai ka ga na ma ƙara musu daraja."

Liman ya girgiza kai ya ce Allah ya shirya, 'yan kasuwa suka ce amin da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata.

Wannan karon Ma'azu ya kulle kansa a zaure, ya hana kowa shiga. Ya ninka dabino, ya ninka sukari, garin mai burodi kuwa ya ce wancan karon rowa ya yi. Ya ɗura kwalabe har wuya. Marfi babu, sai ya fiƙe totuwar masara ya tura da dutse, ya narka ƙaro ya shafe, ya ɗaure kowace da kaba tamau. Ya jera su ya tsaya yana kallo. Ba wadda ta kumbura, ba wadda ta motsa.

Ya ce, "Ka ga 'ya'yan halak."

Saura sanyi. Firigo mai sanyaya ruwa a garin sai na gidan kumandan mai mulkin gari, shi ma ba kullum yake aiki ba. Amma duk ɗan Gure ya san in kana son ruwan randa ya yi sanyi, ka binne gindinta a rairayi ka riƙa jiƙawa. Ma'azu ya ce in rabin binnewa na kawo sanyi, binnewa gaba ɗaya sai ƙanƙara. Kuma ya hango kansa ranar suna, a gaban jama'a, ya sunkuya ya tone ƙasa ya zaro lemu mai raɓa ya miƙa wa Buraima. Wa ya taɓa ganin haka ko a Yamai?

Da tsakar rana, lokacin da zafi ya kora kowa ɗaki, ya haƙa rami a filin ƙofar gida, ya jera kwalaben a tsaye, ya rufe, ya daddaɓe. Ko Yakura bai gaya wa ba. Daga ranar, safe da yamma sai a gan shi da tulu yana yayyafa wa ƙasa ruwa yana tattakawa.

Ɗan Talata ya ce, "Mushe, me aka shuka da bazara?"

"Ba ruwanka."

"Ruwan ai naka ne, ga shi kana zubarwa."

Ma'azu ya ƙara tulu guda don haushi. Kafin ranar suna wurin ya yi tauri ya yi sumul kamar daɓen ɗaki.

Ranar suna tun da asuba gida ya cika. Mutanen Bune sun iso da rago da ƙoren nono. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya zauna, sanƙira mai shelar suna yana ta gyaran murya, ana zagawa da goro da dabino. Mai gida kuwa yana ɗaki yana fama da rawani. Ya naɗa ya warware, ya naɗa ya warware, wai so yake ya fito a ƙarshe kamar manya.

Da ya fito, kafin ya ce salamu alaikum, sai ya tsaya cak.

A nan ƙasar in an yanka ragon suna, banƙare shi ake yi a kan sanduna, a kafa su kewaye da wuta ya gasu a hankali. Ɗan Talata, da yake shi ne mahaucin, ya riga ya kafa sandunansa, ya tara itacen ƙirya, ya hura wuta tun da duhu don garwashi ya nuna. Kuma ba ko'ina ya hura ta ba sai daidai kan daɓen Ma'azu.

Ma'azu ya ƙarasa da sassarfa, ya kama hannun rigarsa ya ja shi gefe.

"Wa ya ce ka hura wuta a nan?"

"Kai mana."

"Ni? Yaushe?"

"Kwana da kwanaki kana jiƙa wurin kana daɓewa. A duk rairayin nan ina kuma sanda za ta kama ƙasa? Na ce kai, yau dai Ma'azu ya yi abin hankali, ya gyara mini wurin aiki. Har na yi maka addu'a."

"Ka ɗauke ta!"

"In ɗauki wuta? A aljihu?"

Ma'azu ya waiga. Tabarmar manyan baƙi tana nan kusa, Buraima na zaune a tsakiya, sanda a kan cinya, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Ma'azu ya je ya durƙusa suka gaisa, gaisuwar tana fita yana kallon wuta.

"Malam Buraima, ko za ku koma zaure? Hayaƙi zai dame ku."

Buraima ya ce, "Mu da muke kwana da hayaƙi a ruga? Nan ya yi."

"Rana za ta taso."

"In ta taso ma gan ta."

Ma'azu ya ɗauki buta kamar zai yi alwala, ya je bakin wuta ya tsuguna, ya tuttule ruwan a kan garwashi. Ɗan Talata ya ce, "A'a, Mushe, hannunka na rawa yau," ya ƙara itace biyu manya ya sa mafici. Ma'azu ya koma ya ciko butar. Ɗan Talata ya ƙara uku.

Liman ya ce, "Ma'azu, alwalar me kake yi da hantsi? Zo ka zauna a yi abin da ya tara mu."

Ya zo ya zauna a bakin tabarma, gumi na bin rawani. Da ya buɗe baki ya faɗi gaskiya a lokacin, da an kwashe wuta an huta. Amma ya faɗa a gaban Buraima cewa ya binne lemu an hura masa wuta a kai? Ya ce a ransa kwalba 'yar manya ce, za ta daure.

Aka jawo rago. Liman ya karkata wajen Buraima don a raɗa masa suna. Buraima ya buɗe baki.

Tau!

Totuwa ta fito daga tsakiyar wuta da garwashi a bayanta, ta ɗauke hular liman ta yi gaba da ita. Kafin a ce me ye wannan, tau, tau, tatau! Ƙasa ta riƙa tofo wuta. Wani tsohon soja da ke cikin baƙi ya faɗi rubda ciki yana ihu, "A kwanta! A kwanta, harbi ne!" Wani daga baya ya ce, "An sake juyin mulki!" Nan fa aka ga gudu. Masu manyan riguna suka tattare, takalma suka rasa masu su, faifan goro ya tashi sama. Sanƙira, da ƙiba da komai, aka gan shi a kan reshen aduwa bai san ƙaya ba.

Rago ya fizge igiya ya afka cikin gida. Aka ji mata sun ɗauki salati, aka ji tukunya ta kife, aka ji muryar Yakura sama da ta kowa: "Malam! Na san kai ne! Ko ban gani ba na san kai ne!"

Ɗan Talata yana bayan turmi da murfin tukunya a ka. Ya leƙo ya ce, "Mushe, abin da ka shuka ne ya tsiro?"

Manyan kwalaben kampama su suka fi daurewa, su suka fi ƙara kuma. Da suka tashi, sai ƙasa ta yi gum, ta ɗaga, sandunan gashi suka zube. Kumfa ta ɓulɓulo ta ko'ina, ja-ja, tana huci, ta bi garwashi tana kashewa. Wari ya gauraye unguwa, rabi tsamiya rabi gidan burodi. Wata tsohuwa da ba ta iya gudu ba ta ɗaga hannu tana kabbara, wai idon ruwa ya ɓulle a Gure albarkacin jariri.

Can sai ga jandarma biyu a guje, ɗaya bai gama ɗaura ɗamara ba. Babban ya daka tsawa.

"Wa ya binne harsashi a nan? Ina mai gidan?"

Hannaye suka fito daga bayan danga, daga bayan turmi, daga kan aduwa, duka suna nuna wuri ɗaya.

Ma'azu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba harsashi ba ne."

"Mene ne?"

Ya yi ƙasa da murya. "Lemu ne."

"Ɗaga murya!"

"Lemu ne!"

"Lemu a ƙarƙashin wuta? Ni za ka mayar yaro? Tono in gani, in ba haka ba ka kwana a wurinmu."

Haka Ma'azu ya durƙusa da babbar rigarsa a cikin caɓi, a gaban surukai da maƙwabta da liman marar hula, yana tono da hannu. Ya zaro wuyan kwalba, ya zaro gindin kwalba. Can a gefen ramin, inda wuta ba ta kai sosai ba, ya ci karo da guda ɗaya lafiyayya, korriya, kabarta na nan daram.

To ka san mai hali. Yana jin ta a hannu sai bakinsa ya dawo. Ya miƙe ya goge ta da hannun riga, ya ɗaga sama.

"Jama'a, ku shaida! Wuta ta ci ta, ƙasa ta danne ta, ko gezau. Da roba ce da tuni ta narke. Wannan ita ce ta babban baƙo."

Sai a lokacin aka lura Buraima bai motsa daga inda yake ba. Duk abin nan yana zaune da sandarsa, toka a kafaɗa, totuwa guda a cinya. Mutumin da ya ga garkensa na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙarar kwalba ba ta tashe shi.

Yakura ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, don girman Allah kada ka buɗe."

Jandarma ya ce, "Buɗe."

Ma'azu ya durƙusa gaban Buraima, ya karɓi wuƙar Ɗan Talata, ya ce, "Malam Buraima, yadda ake yi a Yamai ke nan. Za ka ji ta ce fusss, a hankali." Ya sa wuƙa ya yanke kaba.

Ba ta ce fusss ba. Totuwa ta daki Ma'azu a goshi, rawanin da ya sha wahalar naɗawa ya warware ya sauko masa a wuya. Lemu mai ɗumi ya fita kamar an tsinke salka, ya sami Buraima a fuska, ya cika masa gemu, ya gangara cikin riga. Ma'azu ya toshe bakin kwalba da babban yatsa, abin ya rabu biyu, rabi ga jandarma rabi ga liman. Da ta lafa, abin da ya rage a ciki bai kai cokali ba.

Boyi ya rufe fuska da hannu. Ma'azu kuwa ya gama sallamawa: suna ya tafi, mutunci ya tafi, wataƙila har auren Biba ya jiƙe.

Buraima ya sa hannu ya share kumfa daga ido. Ya lashi gashin baki. Ya daɗe yana juya abin a harshe.

Ya ce, "Da ɗan sauran tsami."

Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Aka ɗauka tari ne. Sai wata irin ƙara ta fito masa kamar tsohuwar ƙofa, sai ga haƙora. Buraima ya yi dariya har sanda ta faɗi, ya riƙe ciki, ya kwanta a tabarma yana nuna Ma'azu yana kasa magana. Mutanen Bune suka tsaya suna kallonsa baki buɗe. Boyi ya sauke hannu daga fuska, ya ga ubansa, sai hawaye. Daga nan kowa ya ɓarke, har jandarma, har liman.

Da ya samu numfashi, Buraima ya share ido ya ce, "Tun da shanuna suka mutu ban san ina da sauran wannan a ciki ba. Na zo da sunan mahaifina a baki. Amma mutumin da ya yi mini wannan, ba na hana shi komai. Malam, a kamo ragon. Sunan yaro Ma'azu."

Sanƙira ya yi shelar daga kan aduwa, don an rasa yadda za a sauko da shi.

Ai kuwa Ma'azu ya tashi, ƙulu a goshi, rawani na jan ƙasa, ya dubi Ɗan Talata ya ce, "Me na gaya muku? Na ce lemun nan zai kawo suna ko ban ce ba?" Ya wuce cikin gida yana taku ɗai-ɗai, ya tsallake tuwon da rago ya zubar, ya tsaya a ƙofar ɗakin mai jego.

"Biba, an sa. Kira shi in ji."

Biba ta sunkuyar da kai. "Haba Baba. Ni in kama sunanka da bakina?"

Ya juya ga Yakura. "To ke kira shi."

"Ni da tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa faɗin sunan nan ba, sai yau da furfura? Kuma ka san Boyi ma ba zai faɗa ba, surukinsa ne kai. Sai dai a nema wa yaro abin da za a riƙa kiransa."

Ma'azu ya yi tsaye. Shekara da shekaru yana neman takwara, bai taɓa tuna cewa duk gidan ba mai iya furta sunan ba. Ya fara cewa to a riƙa ce masa Abba, ko Baba Ƙarami, amma ya makara. Wani kai ya riga ya leƙo ta saman danga.

Ɗan Talata ya ce, "Ina angon suna? Ina Kumfa?"

Mata suka ɗauki guɗa. Kafin azahar sunan ya kai kasuwa, kafin mako ya kai Bune.

Ma'azu bai sake yin lemu ba, Yakura ta rantse in ta ga totuwa a hannunsa za ta tafi gidansu. Amma bakin na nan. In an tayar da zancen sai ya ce laifin kwalba ne, munafuka, ta ƙunshi sharri fuska sumul, shi dama tun farko roba ya so aka hana shi.

Yaron ya girma. Ranar da aka kai shi lakwal, makarantar boko, mushe mai koyarwa ya kira Ma'azu Boyi har ya gaji, yana zaune yana kallon rufi, bai san da shi ake ba. Da yamma kakan kan riƙe hannunsa su ratsa kasuwa, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa wannan takwaransa ne. Sai wani daga rumfar mahauta ya ɗaga murya ya ce, "Kumfa!"

Su biyun suke waigawa. Kuma tsohon ne ke riga.